Yayana Sale da gawar Hajja Dije

Shekara tara ke nan da rasuwar yayana Sale, amma har yau in na shiga cunkoso a titin Mansur a nan Makka sai na ɗaga kai ina nemansa.

Mu 'yan Zongon Kwatano ne. Lokacin da ƙasar Benin ke bin gurguzu, Yaya ya shiga aikin ɗan sandan hanya, ya hau har ya zama shi ke rarraba wa na ƙasa da shi mahaɗu kowace safiya. Duk da girman nan, bai yarda da zaman ofis ba. Zai sa farar safar hannu ya tsaya tsakiyar titi, ya tsayar da motar babba kamar yadda yake tsayar da mai keke. An koya musu cewa kowa ɗaya ne, shi kuwa bawan Allah ya ɗauki maganar da gaske, har ya fi masu koyarwar.

Da mulkin ya kau, ya ajiye aiki ya zo Hajji, ya ƙi komawa. Burinsa guda ne: ya mutu a Makka, a sallace shi a Harami. Ni direba ne, ina da iƙama, takardar izinin zama. Shi ba shi da ita. Mutumin da sajan-sajan ke ƙame wa ya koma sayar da goro a lungu, in ya hango mai kaki sai ya sake hanya. Shekara goma sha biyar yana wannan ɓoyo, domin in aka kama shi, sai gida.

Rannan maƙwabciyarmu Hajja Dije ta rasu, tsohuwar da ba ta da kowa, mai irin burinsa. Muka sa gawarta a mota muna son cim ma La'asar a Harami. A mahaɗar Mansur muka tarar da hanya ta ƙulle tamau, kowa ya cusa hancin motarsa, ga matashin ɗan sanda yana ta busa usur a banza. Ni abin da na iya shi ne danna ham. Yaya ya duba agogo, ya dubi makarar, ya buɗe ƙofa.

Na riƙe masa riga na ce, "Yaya, ka manta ba ka da takarda?"

Ya ce, "Sake ni, Isa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi."

Wallahi ban taɓa ganin aiki irin wannan ba. Bai nufi tsakiyar rikicin ba. Can wutsiyar layi ya tafi, ya sa motar ƙarshe ta ja da baya, sai ta gabanta, sai ta gabanta, domin a wurinsa daga baya ake kwance cunkoso. Ba usur, ba kaki, tafin hannu kawai, ga tsoho cikin koɗaɗɗiyar jallabiya, amma direbobin Makka da ba sa jin maganar kowa suka bi shi tiryan-tiryan. Da hanya ta buɗe ya yi mini alama in wuce, kada in tsaya masa. Na wuce. Muka samu sallar.

Daga baya na ji cewa ɗan sandan ya yi masa godiya, amma masu binciken takardu da cunkoson ya tara su ma sun gan shi. Da na je wurin da aka tsare shi ina kuka, tambaya ɗaya ya yi mini: "An sallace ta?" Na ce an sallace ta. Ya ce alhamdulillahi, bai ƙara ba. Aka mayar da shi gida, bayan shekara huɗu ya rasu a Kwatano.

Yau an rushe lungun goron nasa, an kafa kyamara a mahaɗar, waya ke gaya mana inda za mu bi. Na san da zai yi tsaki ya ce kyamara ba ta san motar da ke ɗauke da gawa ba.

Bai mutu ya bar gida ba, bai bar lambar girma ba. Abin da ya bari ni ne shaidarsa, kuma yana da nauyi. In Allah ya ɗauke ni a nan, mai yiwuwa a sallace ni a Harami, ni da na zauna cikin mota da takarda a aljihu. Shi da ya fita yana kwance can bakin teku. Allah ya jiƙan Yaya, ya ba shi abin da ya fi wanda ya bar wa Hajja Dije.