Motar da Ba Ta Tsayawa a Ƙofar Gida

Baba Vandi maƙwabcinmu ne a Sabon Layi, gajere, mai tumbi, direban motar wani ƙaramin asibiti. Tun ina budurwa yake tuƙa farar motar nan, amma wallahi gawa ya fi ɗauka, don mutanenmu ba sa nemanta sai mutum ya cika. Duk ƙofar da ta tsaya, mata kan fasa kuka tun ba a kashe inji ba. Abin na ci masa rai, har ya koma ajiye ta can nesa a gindin bishiya, ya ƙarasa da ƙafa.

Shekarar da muka dawo daga gudun hijira, an hana babur, ga shingen sojoji ko'ina. Naƙuda ta zo wa ƙanwata Na'imatu da gardama a gidan mijinta a Sahuda, jini ya ƙi tsayawa. Na roƙi Baba Vandi, muka kama hanya da rana tsaka.

Surukarta, Inna Fatimatu, ta tare ƙofar ɗaki. "Motar gawa? Da ranta za ku saka ta? Ba a gidan nan ba!"

Kai, raina ya ɓaci! Na buɗe baki zan yi rashin kunya, Baba Vandi ya ce, "Ke Binta, yi mana shiru." Ya durƙusa, tumbi da komai.

"Inna, 'ya'yan mutane da yawa na mayar gida a kwance. Ara mini wannan, in Allah ya yarda in dawo miki da ita a zaune."

Tsohuwa ta ce to, amma ƙafarta ƙafar yarinyar. Ya kwantar da Na'imatu, ya tokare ƙafafunta da matashi, ya ce in yi ta janta da hira kar ta lumshe ido. Sojoji na hango motar suka ɗage shinge.

Ranar da aka sallame ta daga asibiti, bai ko nemi gindin bishiya ba. Har bakin ƙofa ya kai mu. Ai kuwa matan gida suka fasa kuka, maƙwabta suka fito a guje.

Inna Fatimatu ce ta fara saukowa, rungume da jariri. "Ku rufe mana baki, za ku tada mini miji!"

Na'imatu ta biyo ta a hankali, da ƙafarta.

Baba Vandi bai sauko ba. Na leƙa in tsokane shi, sai ga shi yana share hawaye da hularsa.