Dishi-dishi a Gefen Hoto

Tun a hoton farko gabana ya faɗi. Tsakiyarsa fes, wata mata mai goyo, har tsagar kumatunta ana gani, amma matan da ke gefe sun yi dishi-dishi kamar an shafe su da man kaɗanya. Na murza ido, na goge fuskar kwamfutar da bakin zanena. Abin yana nan.

Shekarar da soja suka koma bariki ke nan. Ban daɗe da gama sakandare ba, ina aiki a wani shagon hoto a Unguwar Talabishin, wanda kullum ƙanshin masarar da ake gasawa a bakin titi ke cika shi. Wani tsohon fasto daga Kamazou ya kawo gwangwanin biskit cike da silaid, ƙananan fina-finan nan da ake sawa cikin kwali a haska a bango. So yake mu kwashe su a kwamfuta da sikana, na'urar kwafe hoto. Hotunan zumuntar matan coci ne na da can.

Da irin wannan dishi-dishin ciwon idon mamata ya fara. "Daga gefe yake ci," in ji ta. Tun tana tsince tsakuwa a acca har ta koma lalube bango. Likita kuma ya ce ciwon yana bin jini.

Ban gaya wa kowa ba. A cikin bas sai in rufe ido ɗaya in riƙa karanta allunan shaguna. Wani silaid ɗin ya fito ƙalau, wani ya ƙi, ni kuwa in ce ciwon ne ke zuwa yana komawa.

Ran nan da rana Oga, mai shagon, ya tarar da ni ina kuka.

"Ke, wa ya mutu?"

"Oga, idona ne. Gefe ba ya fita."

Ya gyara tabarau, ya leƙa kwamfutar. "To, ashe makafin mu biyu ne."

Ya ɗaga silaid ɗin ta gefe, ya nuna mini. Kwalin mai kauri ne, fim ɗin kuma ya yi doro a ciki saboda tsufa. Ita sikana, in ji shi, nisa ɗaya kawai take gani sosai. Ya zare fim ɗin, ya kwantar da shi a kan sikanar, ya danne da gilashi, ya sake ɗauka.

Sai ga matan gefe sun fito. Ɗaya mai wushirya, tana buga tulu, tana dariya. Na ƙara matsowa kusa da kwamfutar.

"Kin ga wushiryar?"

"Na gani, Oga."

"To idonki garau, 'yata. Share majinar nan kafin Fasto ya zo ya ce dukanki nake yi."