Kwabo Mai Huda

Maƙwabcina a unguwar Wulari dillalin shanu ne, iyayensa makiyaya. Shi ya koya mini tara tsoffin kwabban zamanin Turawa, masu huda a tsakiya. Da gari ya rikice aka sa dokar hana fita, iyalina suka koma Kano, na tsaya gadin gida ni kaɗai. Kullum da la'asar sai ya shigo mu baje kwabbai a kan tabarma.

Yadda yake duba saniya, haka yake duba kwabo. Ya riƙe shi ta gefe, ya karkata shi wajen rana, wai haƙora yake dubawa: kambin sarki, tauraron da ke baya, da bakin hudar ko zare ya ci shi. Wanda bai goge ba karsana yake ce masa, wanda ya sha hannu kuma guzuma. In ka kuskura ka ɗora yatsa a fuskar kwabo, ka sha faɗa kamar ka taka masa sallaya.

Akwai guda ɗaya da muka yi ta musu a kansa. Na ce karsana ce, ga ƙyallinta nan. Ya ce kambin ya fara shafewa, idona ne ya tsufa. Na ce masa ba dillali ne zai koya mini gaskiya ba. Ni ma dai akwai taurin kai.

Ranar da zai tafi Konduga kwaso shanun ƙaninsa, ya miƙo mini kwabon.

"Malam, riƙe. In na dawo mu ƙarasa."

"Alhaji, ka dawo da tabarau," na ce.

Lokacin an katse layukan waya, ga hanya ba ta biyuwa. Duk wanda na tambaya labarin Alhaji sai ya ce Allah ya sa mu ji alheri. Na jefa kwabon a aljihu, ina zama ƙofar gida ina kallon bakin layi, ashe murza shi nake da babban yatsa ban sani ba. Kaɗaici ya ci ni, wallahi, har da kyanwa nake hira. Damina ta wuce, wata ta zo ta wuce.

Wata la'asar na fito da kwabon, na karkata shi wajen rana. Ƙyallin ya tafi, kambin ya shafe.

"To Alhaji, ka yi gaskiya, guzuma ce," na faɗa a fili.

Na zauna ina jiran dariyarsa har aka kira magariba.