Labulen Ɗiyar Tela

Idan ka shigo layinmu a Kirkissoye ka tambayi gidan Balkissa mai labule, kowa zai nuna maka. Ni maƙwabciyarta ce. Katanga ɗaya ta raba mu, kuma katangar gajera ce, don haka abin da zan faɗa ba jita-jita ba ne, leƙe ne.

Balkissa ɗiyar tela ce. Mahaifinta Mijinyawa ya zo Yamai daga wajen Maraɗi yana saurayi, ya kafa kekensa a Harobanda, ya yi wa rabin unguwar sutura har gemunsa ya yi fari. Ita kuwa Allah ya halicce ta ba ta shiri da allura. Tana yarinya ya zaunar da ita gaban keke, ta haɗa yatsarta da rigar wani liman ta ɗinke, jini ya ɓata yadin mutane. Daga ranar ta rantse ba ita ba keke, shi ma uban ya taya ta rantsuwa.

Gidan nasu yana da doka ɗaya: ƙyallen gidan Mijinyawa ba ya shiga ƙarƙashin allurar wani tela. Ko da ta auri Nassirou direban taksi ta dawo nan, dokar ta biyo ta. Ta kai wa uban yadin labule, shi kuma tela ne na gaske, kullum sai jibi. Damina ta wuce tagoginta tsirara, mu maƙwabta har mun san kalar zanin gadonta.

Da abin ya ishe ta sai ta haye gada ta shiga babbar kasuwa, ta dawo da wani siririn ƙyalle mai gam da zobba masu haƙora. Ta naɗe bakin yadi, ta cusa ƙyallen a tsakani, ta danna dutsen guga mai zafi, baki ya kama gam. Ta maƙala zobba a sama, ta zura a sanda, labule ya tsaya ba tare da ya ga allura ba. Mata suka fara kawo nasu yadin. Da Mijinyawa ya zo ya gani, ya taɓe baki ya ce wannan aikin ragwaye ne, ana manna yadi kamar hoton ɗan takara a bango.

Haka aka tafi shekaru, har idon tsohon ya fara yana, daga baya ya koma ganin inuwa kawai. Aka rufe shago, aka ɗauko shi da kekensa zuwa gidan Balkissa. Mutumin da a da ba ka iya rufe masa baki ya koma zama a tabarma shiru, dambu ya huce a gabansa bai taɓa ba. Wallahi ni da ba na raga wa kowa, sai da ya ba ni tausayi.

Rannan Balkissa ta sayo yadi don sake labulen falonta. Ya miƙa hannu ya shafa, ya ce, “Wannan rido, labulen nan, ni za ni ɗinka shi. Ina da rai ba a sake manna mini tuhwa cikin gida.”

Ta sa masa zare ya taka. Ɗinkin ya fita kamar hanyar akuya, ya bi ta tsakiyar yadin, ya haɗa da gefen babbar rigarsa. Da ya tashi zuwa masallaci labulen ya bi shi har ƙofa. Balkissa ta ce ƙusa ce ta riƙe, ta yi maza ta sa almakashi.

Washegari ta canza dabara. Tun da ba ya ganin kafar allura, ita ce mai sa masa zare, sai ta zare na sama da na ƙasa duka ta ce, “Na sa, Baba.” Ta tsaya gefensa tana riƙe masa yadin, ya yi ta taka keke yana gyaran murya. Da ya kwanta baccin rana ta jona dutsen guga ta manne bakin tsaf.

Tsoho ya farfaɗo. Ya koma cin kwano biyu, ya koma faɗa da kowa, har ya hana Balkissa karɓar aikin mutane sai ya bi ta kekensa tukuna. Ita kuma ta bi mu gida-gida tana roƙo kar wanda ya fasa ƙwan. Tsoronta ɗaya ne, ya gane iska yake ɗinkawa ya koma kan tabarmar nan, don a ganinta in ya koma ba zai sake tashi ba. Muka shiga yabon ɗinki ba ji ba gani. Ni ce ma na fi kowa zaƙewa, na ce ban taɓa ganin ɗinkin da zarensa ya ɓuya haka ba. Balkissa ta taka mini ƙafa.

Abin da ba ta lissafa ba shi ne bazarar Yamai. Gam ɗin da ta samu a wannan karon mai araha ne, tagar falon kuma ta ƙarfe ce, tana kallon yamma. A irin ranar da aka ɗauke wuta fanka ta tsaya, Abdou ya zo gaisuwa. Abdou tsohon tela ne na Gamkalley, sun yi shekaru suna ƙwace wa juna masu kawo ɗinki. Ni ma na shigo aron turmin da ba na buƙata.

Mijinyawa ya zauna ƙarƙashin taga yana cika baki. “Kai da idonka biyu ka aje aiki. Duba wannan, hannuna ne.”

Bai rufe baki ba naɗin labulen ya saki daga wannan gefe zuwa wancan, ya sauko masa a kan hula. Abdou ya kama bakin ya ɗaga wajen haske. Ga hudar allura a jere, ba zare ko ƙwaya.

“To, Mijinyawa, zaren hwa?”

Balkissa tana tsaye da tiren shayi. Ni kuwa na fara neman ƙofa.

Tsohon ya gyara hularsa ya ce, “Sabon model ne, Abdou. Ni in huda, ɗiyata ta sa kol, gam ke nan. Bai iso Gamkalley ba tukuna, kala suru, sai haƙuri.”

Abdou ya sha shayinsa ya tafi yana jinjina kai. Ni ma na fita, amma na faɗa muku katangar gajera ce.

Na ji Balkissa ta ce, “Baba, ka yahe mini.”

“Mi kika yi? Tun takun farko na sani. Keken da ba zare kukansa daban ne. Ido na rasa, ba kunne ba.”

“To don mi ba ka hwaɗi ba?”

Can ya ce, “Tun randa kika huda yatsa ba ki sake tsayawa kusa da ni ina aiki ba. Sai bana.”

Ta fashe da kuka, ni ma a bayan katanga na goge ido da bakin zani. Shi kuwa ya bari ta yi mai isarta, sannan ya ce naɗin nata ma a karkace yake, abin kunya ga ɗiyar tela.

Yanzu shi ke naɗe baki da yatsunsa, ita ta bi da dutsen guga, gam kuma ta koma sayen mai kyau. Amma ba labulen da ke fita gidan sai ya bi ta keke. Kullum da hantsi ina jin su. Ta ce, “Na sa zare, Baba.” Ya ce, “Madalla, riƙe mini nan.” Sai keken ya fara kuka.