Ranar da Fulgencio Ya Tsare Hannun Minista

Fulgencio Arrúa bai taɓa sa hannu a kwangila ba, bai kuma taɓa zama a kujera mai juyawa ba, amma duk wanda ya yi aiki a ma'aikatarsu a Asunción shi yake fara sani kafin babban sakatare. Shi ne mai zuba wa Minista terere, shayin ganye mai sanyi da ake sha a ƙasarmu. A hukumance sunansa "mataimaki na musamman", a zahiri kuwa aikinsa ya cika ƙahon bijimi da ganyen yerba, ya soka tsinken azurfa mai rami, ya tsiyaya ruwan ƙanƙara daga flas, ya miƙa. In an zuƙe a dawo masa, ya sake zubawa ya miƙa wa na gaba. Kada wani ya raina aikin. Da sassafe yake kasuwa yana ciniki da matan da ke daka saiwoyi a turmi, yana shinshina na'ana'a yana yatsina fuska kamar wanda ya zo sayen doki.

A ƙauyen masu gasa bulo aka haife shi. Ya yi ƙuruciyarsa yana kora keken shanu har bayansa ya ƙi, ya koma tallar cifa, wato burodin rogo, a motocin haya, yana hawa da kwando a ka yana sauka da maƙogwaro a bushe. Sai da furfura ta fara leƙo masa sannan ya san daɗin albashi. Da wannan aikin matarsa Ña Eduvigis take ganin likitan ciwon suga ba tare da layin asuba ba, da shi 'yarsu take makarantar jinya. Fulgencio yana son aikin nan, yana kuma tsoron rasa shi fiye da yadda yake tsoron mutuwa, don ita mutuwa ba ta mayar da mutum tallar cifa.

Yadda ya samu aikin ba asiri ba ne. Don Melanio Cabañas, mai manyan murhunan bulo na ƙauyen, shi ya riƙe shi ranar baftisma. Shi ya riƙe rabin yaran ƙauyen ma, don ba uwar da za ta bar mai murhu ta ɗauko wa ɗanta matalauci. Cikin yaran har da wani mai ƙaton kai da ake kira Alcibiades, wanda ya girma ya zama Minista Talavera. A makon da aka rantsar da shi Don Melanio ya ɗaga waya ya yi magana biyu. Ta farko ta kai Fulgencio ofis. Ta biyu ta sa duk ginin da ma'aikatar ta yi tun daga ranar da bulon Don Melanio ake yinsa, kuma matar Minista, baiwar Allah da ba ta bambanta bulo da burodi, ta wayi gari tana da rabin kamfanin.

To, a wajenmu duk inda ɗan baftisma ya yi ido huɗu da padrino ɗinsa, wato wanda ya riƙe shi a coci, zai haɗa tafin hannu a ƙirji ya sunkuyar da kai, shi kuma padrino ya zana gicciye a iska ya sa masa albarka. Yaro yana yi, mai jikoki yana yi. Ba shawara ake yankewa ba, zuwa take kamar atishawa.

Ana nan sai wata jarida ta tashi da maganar bulo, aka kafa kwamitin bincike. Minista ya shiga rediyo ya rantse cewa shi wannan Cabañas ɗin bai san ko baƙi ne ko fari ba. Kwamiti ya ce madalla, za su zo ofishinsa, su gayyato dattijon, a zauna a fahimci juna.

Ran nan Minista ya kulle ƙofa daga shi sai Fulgencio.

"Fulgencio, ka san matsalata?"

"Bulo, ranka ya daɗe."

"Wane bulo! Lauyoyi sun gama da bulo. Hannuna ne matsalar." Ya ɗaga su yana kallo kamar na aro. "Jiya hotonsa kawai na gani a jarida, na tsinci kaina na haɗa su."

"Subhana! A gaban wa?"

"A gaban direba, shi ma ya haɗa nasa. Ka saurara. Yana shigowa ka danƙa min ƙahon nan, kada ka karɓa ko na miƙo. In na faɗi, ka san sabon minista da ɗan ƙanwarsa zai zo ya zuba masa terere."

Fulgencio ya sani sarai. Ya koma gida, ya sa Ña Eduvigis ta zama padrino. Ta ɗora malafarsa, ta ɗauki muciya a matsayin sanda, tana shigowa daga tsakar gida tana tari irin na tsofaffi, shi kuma yana miƙa ƙahon ga kujerar da ta zama Minista. Sun yi ta yi har kaji suka gaji da kallo.

"To shi ka tsare shi," in ji ta. "Kai fa, maigida? Naka hannun wa zai riƙe maka?"

"Ke dai! Ba ga flas ba? Da hannu biyu zan rungume shi kamar jariri."

"Kai da ka haɗa hannu a kan keke ka shiga kwata?"

"Wancan birki ne ya lalace."

"Birkin kanka."

Ranar zaman, zafi ya sauko kamar da gayya, na'urar sanyaya ɗaki kuma ta zaɓi ranar ta mutu. Shugabar kwamitin, Lauya Zunilda, mace ce ramammiya mai tabarau, ba 'yar yankinsu ba, wadda ake cewa ba ta taɓa karɓar ko ƙwai daga hannun kowa ba. Terere kam ta karɓa, don wannan ba cin hanci ba ne, numfashi ne. Ƙahon yana zagayawa, 'yan jarida suna fifita da takardunsu, Fulgencio yana tsaye bayan Minista kunnensa a matakala.

Da ya ji ƙwas-ƙwas ɗin sanda, ya tsallake layi, abin da bai taɓa yi ba, ya cika ƙahon ya cusa wa Minista. Minista ya damƙe da hannu bibbiyu. Fulgencio ya rungume flas. Komai ya tafi yadda aka tsara.

Sai sandar ta tsaya. Don Melanio ya tsufa, matakalar kuma doguwa ce, ana jin hakinsa daga ciki.

"Malam," in ji Lauya Zunilda, "ajiye min flas ɗin nan, ka je ka kama dattijon. Ba ka jin zai faɗi?"

"Ranki ya daɗe, ai flas ɗin... nauyi gare shi."

"Kawo. Na ɗauki abin da ya fi shi."

Ta miƙo hannu ta zare shi daga ƙirjinsa. Fulgencio ya dubi Minista, Minista ya dubi silin. Fulgencio ya nufi ƙofa yana cusa hannu a aljihu, sai ya tuna wandon kakin ba shi da aljihu. Ya mayar da su baya ya sarƙe yatsu. Ya isa bakin ƙofa daidai lokacin da tsohon ya ɗago kai daga matakalar ƙarshe, gumi na bin wuyansa, malafa a karkace. Mutumin da ya saya masa takalminsa na farko ke nan, wanda ya ɗauki kan akwatin gawar mahaifiyarsa. Shi ma tsohon an yi masa bita a gida, an ja masa kunne ya ɗaure fuska. Amma da ya ga Fulgencio sai idonsa ya yi laushi.

Fulgencio ya rantse har gobe bai san lokacin da yatsun suka kwance ba.

"Albarka, padrino."

"Allah ya yi maka albarka, ɗana," in ji tsohon, sanda a hammata, gicciye a iska.

Kyamarori suka ɗauka. Ɗakin ya yi tsit, ban da wata ƙara kamar ta rariyar wanka da ta toshe. Minista ne yake zuƙar ƙahon da ruwansa ya ƙare tuntuni, ya riƙe shi har farcensa ya yi fari, jijiyar goshinsa a tsaye. Haka ya yi ta zuƙar iska har aka zaunar da tsohon, kuma hannunsa bai haɗu ba. Gaskiya dai gaskiya ce, Fulgencio ya yi aikin da aka sa shi.

Lauya Zunilda ta yi iyakar ƙoƙarinta. Ta tambayi Don Melanio yara nawa ya riƙe a coci, ya ce ai shi ba ya ƙirga albarka. Ta nemi a je ƙauyen a bincika, sauran 'yan kwamitin suka ce ba man mota. Su ma kowa da nasa padrinon, kowa da nasa bulon. Bayan wata guda sakamako ya fito: an yi bincike mai zurfi, an kuma gano cewa lalle akwai alaƙa tsakanin ma'aikatar da kamfanin bulo, ta hanyar wani ma'aikaci guda ɗaya mai suna F. Arrúa, mataimaki na musamman. Jaridu suka buga hotonsa hannu a haɗe, suka kira shi ɗan leƙen asirin ɗan kwangila. Maƙwabta suka fara gaishe shi da ladabi, wani har ya zo neman ya sa baki a ba ɗansa kwangilar fenti.

Shi dai bai ga abin dariya ba. Ranar da aka sallame shi ya shiga yi wa Minista ban kwana. Minista ya taso ya rungume shi, har da ƙwalla.

"Ɗan'uwana, ka ceci gwamnati. Ba zan manta ba."

"Katin asibitin Eduvigis fa, ranka ya daɗe?"

"Za mu duba, za mu duba. Bari ƙura ta lafa." Ya rage murya. "Af, ran Lahadi muna gashin nama a gona, padrino zai zo. Ka zo da wuri da saiwoyin nan naka. Yaron da suka kawo min ruwan wanke kwano yake ba ni."

"A matsayin wa zan zo?"

"A matsayin ɗan'uwa mana! Yanzu ai ba ka aikin gwamnati, ba wanda zai ce komai."

Fulgencio ya tsaya yana kallonsa. Ya so ya faɗi magana mai zafi, irin wadda zai riƙa ba jikokinsa labari, amma bai saba ba, kuma yana tuna maganin Eduvigis saura na mako biyu.

"Da na'ana'a ko babu, ranka ya daɗe?"

"Da ita," in ji Minista, har ya juya yana ɗaga waya.