Inna da Jiminar Gadabeji

Shekarun baya, tutar ƙasarmu ko koɗewa ba ta fara ba, mahaifina yana mushen lakkwal, wato malamin makarantar boko, a Dakoro. Ya karanta cewa Nasara in sun samu hutu sukan kwashi iyali su tafi kallon namun daji. Sai ya ce tunda mun karɓi mulki, hutun ma mu karɓa. Maƙwabta suka yi ta jajanta wa mahaifiyata: mutum da hankalinsa zai shiga daji, ba farauta ba, ba biɗar ɓataccen raƙumi ba, kallo kawai.

Ni ce ɗiyar fari, Inna kuwa ta riƙe kunyar ɗan fari da hannu biyu. Ba ta taɓa kiran sunana ba. "Ke" take cewa, ranar da take cikin nishaɗi kuma "waccan". In za ta ba ni fura, sai ta ajiye ƙwarya ta ce wa ƙanena, "Ce mata ta sha," alhali ina zaune gabanta. Na san al'ada ce, amma sanin bai taɓa sanyaya mini rai ba. Can cikin zuciyata na riga na yanke cewa Inna ba ta sona, haƙuri kawai take yi da ni.

Kamyon wani abokin Baba mai sayen bisashe, wato babbar motar kaya, ya sauke mu gaban Bader Goula, daga nan raƙuma suka kai mu dajin Gadabeji. Muka yada zango gindin wata farar ƙaya, kusa da wata ruga da ake kawo mana nono daga cikinta. Baba ya kafa tanti, iska ta kayar, ya sake kafawa yana yi mata faɗa da Faransanci. Inna ta kewaye wurin da rassan ƙaya, ta hura wuta, ta ce, "Mushe, in an gama ginin, ga tuwo."

Mun ga abin da muka je gani. Bareyi da sassafe, su tsaya su dube mu, sai kuma ka nemi inda suke ka rasa. Tuji yana taku kamar sufeto ya zo duba aji. Dila kuwa ya fi mu son kallo, musamman wajen tukunya.

Wata safiya Baba da ƙanena suka bi mai raƙuma zuwa rijiya. Na hango jimina bayan wani tudun rairayi, na ce bari in samo gashinta in nuna a lakkwal. Ban ji tsoro ba, don littafinmu ya ce jimina in ta firgita kanta take cusawa cikin rairayi. Ina hawa tudun sai ga ƙwai a cikin wani rami, manya kamar ƙore. Sai ga namijin, baƙi wuluk, ƙafafu jajaye, ya buɗe fukafukai yana huci, ya nufo ni. Ashe shi bai karanta littafin ba. 

Sai na ji sunana. Cikakke, da ƙarfi, har da na mahaifina a haɗe.

"Kwanta! Kwanta ƙasa!"

Ban kwanta ba. Juyawa na yi in ga wa ya kira ni, don ban taɓa jin sunan da wannan muryar ba. Inna ce a guje, ba takalmi, ba kallabi, tana jan reshen ƙaya. Ta hankaɗe ni ƙasa, ta tsaya kaina, ta kara ƙayar saitin wuyansa. Ya yi gaba, ya yi baya, ya gwada ta gefe, ko'ina ya tarar da ƙaya. Daga baya ya koma wajen ƙwansa.

Ta ja ni zuwa tabarma, ta ɗora ƙafata kan cinyarta tana cire ƙarangiya. Fuskarta na kallon wani wuri. Nata ƙafafun jini suke, ba ta ko dube su ba.

Baba na dawowa, matar da ke kawo mana nono ta tare shi: "Mushe, yau har rugarmu mun ji sunan ɗiyarka."

Da ya gama dudduba ni ya ga lafiya, sai ya juya. "Innarsu, ashe kin san sunan?"

"Ni ban kira kowa ba. Tsuntsu nake kora."

"To, tsuntsun takwaranta ne ke nan."

Ta ja gefen zane ta rufe baki, ta ce wa ƙanena, "Ce mata ta miƙo ɗaya ƙafar."

Ba ta sake faɗar sunan ba har ta koma ga Allah, ni ma ban ƙara jira ba. Na yi shekaru ina karantarwa, an kira ni a aji, an kira ni a biro, wato ofis, babu kiran da nake tunawa sai wancan.

Da na haifi nawa ɗan farin, da sunansa nake kiransa, safe da maraice. Inna takan girgiza kai ta ce, "Ku ƴan lakkwal, komai ke ranku sai kun faɗa." Tana faɗa, tana gyara masa goyo a bayanta.