Ranar da Aka Mayar da Silimar Babana Makaranta

Akwai wata safiyar Asabar da ba na jin za ta fita daga raina har in koma ga Allah, ita ce ranar walimar mayar da silimar mahaifina makarantar Islamiyya. Shekaru sun shuɗe, furfura ta cika mini gemu, amma wallahi in na tuna ta ko abinci nake ci sai in tsame hannu.

Silimar ta gidanmu ce, can wajen Ƙofar Kware. Kakanmu ya fara ta da majigi guda, Baba ya gada. Fili ne kawai da katanga, ba rufi, sai dogayen benci da bango guda da muke shafe wa farar ƙasa, a kansa ake haska fim. Gidanmu kaf a nan muke aiki: yayana a ɗakin majigi, ni a bakin ƙofa, Inna kuma ta soya gyaɗar da ake sayarwa. Baba yana da wata al'ada da ta sha haɗa shi da 'yan kallo. Duk fim ɗin da ya iso daga Kano cikin gwangwaninsa, sai ya kalle shi shi kaɗai da rana, almakashi a hannu. Duk wurin da ba zai iya kallo gaban surukinsa ba sai ya datse, in za a mayar da fim ɗin ya sake liƙe shi. Samari su yi ta fito suna cewa an yanke, shi ko a jikinsa. Azumi kuwa in ya kama, kwaɗo yake sa wa ƙofar sai bayan Salla.

Da bidiyo ya shiga gidaje kasuwa ta mutu, daga baya zamani ya juya, aka daina silima a gari gaba ɗaya. Wurin ya zama makwancin awaki. 'Yan hatsi sun yi ta zarya suna so su mai da shi sito, Baba ya ƙi. Sai Baffa, ƙanensa, wanda Baba ya riƙe tun rasuwar kakanmu ya tura shi karatu har ya zama malamin da ake ji da shi, ya zo ya roƙi wurin don makaranta. Baba bai ko kwana da maganar ba, ya ba shi kyauta.

Ban taɓa ganin tsohon nan cikin murna irin ta makon walimar ba. Idonsa ya yi rauni, don haka ya zaunar da ni yana faɗa ina rubutawa: yadda mahaifinsa ya kawo majigi, yadda aka gina katangar, da addu'ar Allah ya sa yaran da za su yi karatu a wurin su amfana. Sau uku ya sa na karanta masa. Ya ce in an kira shi, ni zan tashi in karanta a madadinsa.

Ranar ya sa babbar rigarsa ta Salla, muka isa da hantsi. An kafa rumfa, an jera kujerun kushin a gaba. Wani mai tarbar baƙi ya dube mu sama da ƙasa ya nuna mana can baya, kan wani benci. Bencinmu ne ma, na silima, na gane shi da ƙusar da na taɓa buga masa. Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya ja gefen rigata, muka zauna.

Daga nan na ƙare wa sahun gaba kallo, raina ya soma ɓaci. Mai tsaron ƙofa ba ya manta fuska. A bayan ɗakin majigi akwai wata 'yar ƙofa da Baba ya fasa musamman saboda manyan mutanen da ba sa so a gan su a silima. Sai an fara fim suke sulalowa, su cire rawani su naɗe a hammata, su zauna kan tabarma. Uku daga cikin masu kushin ɗin nan ni nake buɗe musu ita. Ɗayansu ma akwai wani fim ɗin Indiya da ya yi ta dawowa kallo, kullum sai ya share hawaye da hannun riga.

Baffa ya karɓi lasifika, ya yi salati, ya ce: "Jama'a, kowa ya san abin da wurin ga ya kasance. Matattarar ɓarna ce, inda anka lalata ɗiyan mutane. Yau Allah ya tsarkake shi." Aka ɗauki kabbara. Mutanen nan uku har da gyaɗa kai, ɗaya yana jan carbi yana a'uziyya. Baffa ya gode wa wanda ya ba da tabarmi, da wanda ya kawo fenti, har matan da suka dafa shinkafa. Da ya zo kan filin sai ya ce wani bawan Allah ne da Allah ya nufa da tuba ya bayar. Ko suna babu, balle a ce ya taso.

Tuba? Mutumin da gyaɗar silima da guminsa suka yi maka allo da tawada? Ban san sanda na miƙe ba, niyyata in kira mutanen nan ɗaya bayan ɗaya in tambaye su ko sun tuna da ni. Baba ya damƙe wuyan hannuna, ya ce a hankali: "Zamna. Ƙofar nan don rufin asiri na yi ta." Na zauna, takardar tana aljihuna.

Ba na cewa silima masallaci ce. An sha taba a ciki, an yi dambe, ni kaina na sha fitar da 'yan iska. Amma a tsaya gaban tsoho, cikin filin da ya bayar, a shafe rayuwarsa da baƙi shi yana zaune, wannan ba wa'azi ba ne, cin fuska ne. Da aka tashi Baffa ya zo ya durƙusa, wai Yaya ya yi haƙuri, in ya haɗa sunan makarantar da mai silima iyaye ba za su kawo yara ba. Baba ya ce ba komai, Allah ya sa albarka. Shinkafar ma bai taɓa ba.

Muka kama hanyar gida. Sai da muka shiga zaure ya dafa bango, ya juyo inda nake ya ce: "Kai, gaya min gaskiya. Duk shekarun ga, ɓarna nike ciyar da ku?"

Na yi rantsuwa, na kawo hujja, na tuna masa almakashinsa, amma na ga maganar ba ta shiga, ta wancan taron ta riga ta zauna. Daga ranar har ya rasu ban ƙara jin kalmar silima a bakinsa ba. In jikoki suka tambaye shi aikin da ya yi, sai ya sunkuyar da kai ya ce kasuwanci.

Na ji haushin Baffa, amma haushin kaina na fi ji. Ba sai na tona asirin kowa ba. Da na tsaya kan ƙafata na ce wurin nan na mahaifina ne, ga shi zaune, da halalinsa ya riƙe mu, da ya isa. Abin da na koya shi ne, in ana taka mutuncin iyayenka a gabanka, shiru ba ladabi ba ne, taya masu takawar ne. Shi ya sa yau duk wanda ya tambaye ni ɗan wane ne ni, ko a gaban wa, nakan ce masa ɗan mai silima ne, kuma ba na rage murya.